Makon Ubanta

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo cewa na bar ku tsaye a ƙofar gidan Troels, uban 'yata, da takalmi a hannu, na gani, ku yi haƙuri. Wannan shafin sai da na rubuta na goge na sake rubutawa, don har yau in na tuna ranar nan sai in rasa wanda zan yi fushi da shi. Na ba da shi ga duk wanda ya taɓa ɗauke wa ɗalibi wani nauyi bai gaya masa ba.

*

Wanda ya buɗe min ƙofar ba Troels ba ne. Wani dogon mutum ne da jariri a kafaɗa, ban taɓa ganinsa ba.

"Troels nake nema," na ce. "Takalmin ƙwallon 'yata na kawo, gobe suna da wasa."

"Troels?" Ya ɗan yi tunani. "Wanda ya zauna nan kafin mu? Ai tun bayan Kirsimeti muka tare. An ce ya tafi Norway, aikin mai a teku."

"A'a, ba shi ba ne. Wannan yana da 'ya. Jiya ma ya ɗauko ta daga makaranta."

"To, ba dai gidan nan ya kawo ta ba."

Ya rufe ƙofarsa a hankali don kada jaririn ya farka.

Tunda muka rabu da Troels, 'yarmu Tilde mako guda take yi wurina, mako guda wurinsa, kamar rabin yaran ajinsu. Juma'a ake musanya. Ni in kai ta makaranta da safe da jakar kayanta, shi ya ɗauke ta da yamma, wata Juma'ar a juya. Daɗin tsarin ke nan, ba sai kin ga fuskar mutum ba. Ni kuwa fuskar Troels ba ta cikin abin da nake kewa. A makonnin nan nasa nake karatun jinyata, nake zuwa aikin koyo a asibiti, nake yin aikina na gidan tsofaffi. Ranar Litinin kuma zan shiga jarrabawar baka ta ƙarshe.

Ga shi yau Asabar, watan Yuni, ana gaya min mutumin ya bar ƙasar tun lokacin sanyi.

To wa yake ɗaukar min 'ya?

Ban kira kowa ba. Na san amsar tun kafin in sauko daga benen. Na jefa takalmin a kwandon keke na nufi gidan Bodil, mahaifiyar Troels, matar da rabon da in taka gidanta tun cin abincin Kirsimeti.

A lambun bayan gida na same ta, durƙushe tana tonon sabon dankali. Can ƙarshen lambun, ga Tilde da rigar ruwan sama ja tana zuba wa kajin maƙwabci ganye ta wayar shinge. Lafiyarta ƙalau. 

Bodil ta ɗago, ta dube ni, ta dubi takalmin da ke hannuna.

"Kin je gidan ke nan," ta ce.

"Na je."

"To. Bari in ɗora gahawa."

"Ba gahawa ce ta kawo ni ba, Bodil."

"Na sani. Ni ce nake so."

Ta miƙe da ƙyar, ta karkaɗe gwiwoyinta. Matar nan ko gidanta ne ke ci da wuta sai ta wanke hannu kafin ta kira 'yan kwana-kwana.

Tilde ta hango ni. Na zaci za ta rugo. Sai ta tsaya cak, ganyen na hannunta, ta dubi kakarta.

Wannan kallon ya fi min komai ciwo.

"Ci gaba da ba su, 'yar Kaka," Bodil ta ce mata. "Mama ta sani. Ba laifinki ba ne, ni za a yi wa faɗa."

Muka shiga kicin. Ta ja ƙofa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun sati na biyu na Janairu."

"Yana ina?"

"Stavanger, can Norway."

"Saƙonnin da nake tura masa fa? Wa yake amsawa?"

"Shi. Ai ba wuya. Me yake ce miki?"

"To."

"Kin gani. Daga ko'ina mutum zai iya rubuta to."

Ta jera kofuna biyu duk da abin da na ce. Ni kuwa ina tsaye, ko jakata ban sauke ba.

"Kowace Laraba ina kiranta a bidiyo," na ce. "Ina ganin ɗakinta. Ina ganin labulen nan kore mai zanen dila. Ni na saya musu shi."

"Leƙa ƙaramin ɗaki."

Na leƙa. Ga labulen a taga. Ga gadon. Ga fitilar nan mai kamar wata. Hatta hoton kifin da Tilde ta zana yana manne a daidai inda nake ganinsa ta waya.

"Preben ya kwaso min da motarsa," ta ce daga kicin. Preben maƙwabcinta ne, mai kajin. "Shi ya kafa ƙusoshin. Tagar tawa ta fi faɗi, sai da na yi wa labulen ƙari ta gefe. Ba ki lura ba."

Na dawo na tsaya a kanta.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin ɗauki 'yata, kin ajiye ta inda ban sani ba, rabin shekara."

"Gidan kakarta ne."

"Da wani abu ya same ta fa?"

"Da na kira ki."

"Da wani abu ya same ki ke fa? Kin faɗi a banɗaki, yarinya 'yar shekara bakwai ita kaɗai a gida?"

"Ta san ƙofar Preben. Mun gwada."

"Kun gwada."

"Sau da yawa. Ta fi ni sauri."

Wallahi na so in jefa mata kofin. Na zo da faɗa cike da bakina, ita kuma tana ba ni amsa kamar mai karanta lokutan tashin bas.

"Makaranta fa? Su ma sun sani?"

"Sunana yana cikin masu ɗaukarta tun tana rainon yara. Ke kika sa. Ba wanda ya tambaya."

"Sai kika koya mata ƙarya."

A nan hannunta ya tsaya a kan butar.

"Ban ce ta yi ƙarya ba. Na ce mata kyauta muke haɗa wa Mama, ba a faɗa sai ta gama makaranta."

"Ƙarya ce, Bodil. Ko an naɗe ta a takarda mai fure, ƙarya ce. Duk Juma'ar da ta dawo wurina ciwon ciki take yi. Kin sani? Ta kwanta ta naɗe, ta ce ba ta jin yunwa. Ni da karatuna na ce madara ce ba ta karɓe ta ba. Na hana yarinya madara tun watan Maris."

Ta zauna.

Ban taɓa ganin Bodil ta zauna alhali akwai wani a tsaye a kicin ɗinta ba.

"Wannan ban sani ba," ta ce.

"To yanzu kin sani."

"A nan tana ci sosai."

"Don a nan ba ta da abin ɓoyewa."

Ta shiga shafa bakin tebur da yatsa. Ta taga ina ganin Tilde. Ta daina ba kajin, ta tsuguna tana haƙa ƙasa da tsinke, tana satar kallon ƙofar kicin.

"Zan tafi da ita yau," na ce. "Kuma ban san ranar da za ta sake kwana a nan ba."

Na san nauyin abin da na faɗa. Ita ma ta sani. Kaka ba ta da mako a takardar kowa. In na ce a'a, shi ke nan, sai dai ta hango jikarta a layin biyan kuɗi na kanti. Tilde kaɗai ce jikarta, mijinta kuma ya rasu tun kafin a haifi yarinyar.

"Kina da iko," ta ce. "Amma ki bari sai Talata."

"Don me?"

"Litinin kina da jarrabawa."

"Jarrabawar banza. Ana maganar 'yata kina maganar jarrabawa?"

"E. Maganarta nake yi tun Janairu."

Ta zuba gahawar, ta tura min nawa kofin.

"Kin tuna abin da kika ce ranar Kirsimeti? A kujerar nan kike zaune. Kin zo daga aiki ko kayan ba ki canza ba, barci ya ɗauke ki da cokali a hannu. Da kika farka kika ce, in ko tsinke aka ƙara min a kan abin da nake ɗauke da shi, na ajiye karatun nan."

"Magana ce kawai."

"Ba magana ba ce. Na taɓa jin ki kin faɗa, kuma kin aikata."

Na san lokacin da take nufi. Karo na farko da na fara karatun jinya, ina shekara ta biyu na samu cikin Tilde. Troels ya ce ba zai iya da kukan jariri da aikinsa ba, wani ya zauna gida. Wanin ni ce.

"Ranar nan kin zo min nan," ta ce. "Kin tambaye ni ko zan riƙe miki jaririya kwana biyu a sati. Me na ce?"

Na tsura wa kofin ido.

"Faɗi mana. Na san ba ki manta ba, shi ya sa ko gaisuwarki a tsaye take."

"Kin ce karatu ba guduwa zai yi ba."

"Haka na ce. Ina aiki a kamfanin kifi lokacin, amma da na so da na samu hanya. Ban so ba ne. Ina ganin ɗana ya gaji, ke kuma yarinya ce, kya koma. Sai ga shi kin yi shekaru kina wanke tsofaffi, waɗanda kuka fara tare suna ba ki umarni." Ta kurɓi gahawa. "Da Troels ya zo ya ce min zai tafi, ya ce zai rubuta miki saƙo ki riƙe Tilde gaba ɗaya. Saƙo, Rikke. Ana saura kwana kaɗan ki fara aikin koyo a ɗakin masu tiyata. Na ce masa kada ya rubuta komai. Na ce makonsa nawa ne."

"Ya yarda?"

"Troels? An ce masa ga hanyar da ba sai ya yi magana mai wuya ba? Har sumbata ya yi a goshi."

Dariya ta so ƙwace min, na haɗiye ta. Ban gama fushi ba.

"Da kin gaya min. Da mun zauna mun tsara."

"Da kin yarda?"

"Da..."

"Da kin ce na gode Bodil, ba sai kin wahala ba. Ki ɗauke ta, ki rage aiki, ki ɗage jarrabawa zuwa baɗi, baɗin kuma ba ta zuwa. Ke ko buhun dankali aka ce za a kama miki sai kin ce ai ba nauyi."

Gaskiyarta ce, kuma ban ji daɗin jinta ba.

Na zauna. Na ja kofin.

Sai abubuwa suka fara dawo min ɗaya bayan ɗaya.

"Kwarkwatar da aka yi a ajinsu watan Fabrairu," na ce. "Ta dawo min kai fes."

"Kwana uku ina taje. Idona ba ya gani sosai, sai da na aro gilashin Preben na karanta jarida."

"Na tura wa Troels saƙon yabo. Na ce ashe ka girma."

"Ya turo min. Ya ce in gani, kin fara saukowa."

"Kayan da take dawowa da su a goge?"

"Troels ya san inda dutsen guga yake ne? Wannan kam ke ma da kin yi tunani."

"Na ɗauka ya yi budurwa."

"Ya yi. Ita ma ba ta guga."

Wannan karon dariyar ta fito, da hawaye a haɗe. Na goge da hannun riga.

"Wa kuma ya sani?"

Ta dubi rufi.

"Bodil."

"Preben. Shi yake kai ta ƙwallo da iyo, tunda ni na daina tuƙi."

"Sai wa?"

"Gitte."

Gitte ita ce shugabarmu a gidan tsofaffi, mai raba mana lokutan aiki. Matar da ko gaisuwa sai ta ga dama take amsawa.

"Gitte ta sani?"

"Muna waƙa tare a coci ranar Alhamis. Ba ki taɓa mamakin yadda aikin dare bai taɓa faɗowa a makonki da Tilde ba? Ko ana gobe jarrabawa?"

"Na ɗauka sa'a ce."

"Sa'ar tana da suna. Har faɗa ta yi da wasu a kanki."

"Shi ke nan?"

"Sai babanki."

Na ajiye kofin.

"Babana?"

"Yana zuwa kowace Lahadi ta makonmu da kifi. Shi yake koya mata lissafi, don ni wannan sabon lissafin nasu ya fi ƙarfina. Su yi ta faɗa a teburin nan, ita ta ce ba haka malama ta ce ba, shi ya ce malama ba ta taɓa auna jirgi ba."

Babana da nake kira kowace Lahadi da yamma in ce ina ka shiga yau, ya ce ai yana bakin ruwa yana gyaran raga.

Gari guda. Gari guda sun san inda 'yata take kwana, ni kaɗai ce nake yawo da littafi a hammata ina alfahari wai ni jaruma ce, ni kaɗai nake riƙe da yarinya da aiki da karatu. Har a shafukan baya na rubuta muku haka, kuka yi ta yaba min. To ga jarumar taku. Ashe ɗauke ni aka yi aka tsallakar, ina ta wutsil-wutsil da ƙafa ina cewa iyo nake yi.

Kunya ta kama ni, sannan wani abu mai ɗumi ya biyo bayanta. Ban taɓa sanin ana sona haka ba. Mu a nan ba ma furta irin wannan. Mutum zai kafa miki ƙusa, ya kawo kifi, ya taje kwarkwata, amma ya buɗe baki ya ce ina tare da ke, sai ka ce an ce ya tuɓe a kasuwa.

"Bodil," na ce.

"Na'am."

"Har yanzu ina jin haushinki."

"Ya kamata."

"Abin da kika ɗora wa Tilde bai dace ba."

"Bai dace ba. Zan gaya mata da bakina."

"Amma na gode."

Ta kau da kai wajen taga.

"Na gode, kin ji? Ba don ke ba da yanzu ina gidan tsofaffi ina gaya wa sababbin ɗalibai ai ni ma na taɓa farawa. Na gode da labulen. Na gode da kwarkwatar. Ban san yadda zan..."

"To, to," ta ce. "Ya isa. Gahawarki za ta huce."

"Ki bari in gama mana."

"Kin gama. Ba wani abu ba ne. Yarinyar ba ta da wahala."

Ta tashi ta buɗe firiji, ta tsaya tana kallon ciki ba ta ɗauki komai ba. Na bar ta. Kowa da inda yake yin kukansa.

Na buɗe ƙofa na kira Tilde.

Ta shigo a hankali, takalmin roba duk laka, ta tsaya a bakin tabarmar ƙofa.

"Na ɓata kyautar?" ta ce.

"Ba ki ɓata komai ba. Zo nan."

Ta zo. Na ɗora ta a cinya duk da ta yi girma da hakan.

"Ban faɗa ba, Mama. Ko sau ɗaya. Ranar da kika ce me Baba ya dafa, na ce taliya, don Kaka ma taliya ta dafa. To ba ƙarya ba ce sosai."

"Na sani."

"Yanzu zan iya faɗa?"

"Komai ma."

Ta ja dogon numfashi kamar wadda ta fito daga ƙasan ruwa.

"Kajin Preben ɗaya sunanta Rikke. Ni na sa mata. Don kullum tana sauri."

Bodil ta yi tari a cikin firiji.

"Kuma zan iya shan madara? Don a nan ina sha, ba abin da yake yi min."

"Sha har ki gaji."

Bodil ta durƙusa a gabanta, gwiwoyinta suna ƙara.

"Tilde, abin da na sa ki riƙe ya yi miki nauyi. Babba ne ya kamata ya ɗauka, ba ke ba. Ki yafe wa Kaka."

Tilde ta dube ta, ta dube ni.

"Zan ci gaba da zuwa?"

Su biyun suka zuba min ido.

"Za ki ci gaba," na ce. "Amma daga yau in na kira, a ɗaga labulen nan in ga lambu."

Ta sauka da gudu, wai za ta gaya wa Preben an daina sirri.

Na ɗauka an gama. Har na fara lissafin zan koma gida in buɗe littafi da zuciya sakayau, in bar ta nan zuwa Talata kamar yadda Bodil ta ce. Na ɗauki yankan burodin da ta shafa wa man shanu, rabon da in ci wani abu tun jiya.

Sai na lura ba ta koma kujerarta ba. Tana tsaye a jikin wurin wanke-wanke, tana murza tsumma ɗaya a hannu.

"Akwai saura," na ce.

"Na so sai bayan Litinin."

"Bodil, in kika sake ɓoye min wani abu yau, wallahi..."

"Troels ya kira ranar Laraba."

"Sai me?"

"Ya samu aiki a tudu, ya daina fita teku. Sun kama gida shi da budurwar tasa, mai ɗaki uku. Akwai makaranta a bayan gidan."

Na ajiye burodin.

"Yana so Tilde ta koma can bayan hutun bazara."

"Ya so mana. Mutumin da ya gudu ya bar ta?"

"A takarda bai gudu ba."

"Ban gane ba."

"Ya ga lauya. A takarda, Rikke, bai taɓa fashin makonsa ba. Yana da saƙonninki kina yaba masa. Kai fes, kaya a goge, yarinya tana zuwa makaranta a kan lokaci."

"Ai ke kika yi."

"Ni na yi. Lauyan ya ce in an je ofishin sasanta iyali, abu biyu ne. Ko dai in ce Troels yana zuwa yana komawa, ni taimaka masa kawai nake yi, kamar kowace kaka."

"Ko kuma?"

"Ko kuma in faɗi gaskiya. Ya ce in na faɗi gaskiya ma ba su damu ba. Za su ce uba ya bar 'yarsa hannun mahaifiyarsa don ya nemi aiki, wannan ba laifi ba ne. Sannan su tambaya, wace irin uwa ce za ta yi rabin shekara ba ta san inda 'yarta take kwana ba."

Kicin ɗin ya yi min ƙanƙanta.

"Ke kika hana ni sani."

"Na sani."

"Ke da babana da Gitte da kowa. Don ku taimake ni."

"Na sani, Rikke. Tun Laraba ban runtsa ba. Na haƙa miki rami da hannuna ina cewa gada nake ginawa."

"Me kika ce masa?"

Ta ci gaba da murza tsummar.

"Bodil, dube ni. Me kika ce wa Troels?"

"Na ce ya zo mu yi magana ido da ido."

"Ba shi na tambaye ki ba. Wanne za ki faɗa?"

"Ya ce in ban tsaya masa ba, in ya samu yarinyar ba zan sake ganinta ba. Shi ma ba zan sake ganinsa ba." Ta ninke tsummar, ta sake warwarewa. "Shi kaɗai na haifa."

"Ni ma ita kaɗai na haifa."

"Shi ya sa na so ki shiga jarrabawarki tukuna."

"Yaushe zai zo?"

Ta dubi agogon bango, ta dube ni.

"Jirgin ruwan da ya biyo daga Norway ya iso tun safe."

Kafin in buɗe baki na ji tsayuwar mota a gaban gida, aka buɗe ƙofa, aka rufe, aka sake buɗe wata aka rufe. Daga lambu muryar Tilde ta tashi, da murnar da na daɗe ban ji irinta ba.

"Baba!"

Na miƙe. Bodil ta riga ni isa ƙofar kicin, ta dafa marikin, ba ta buɗe ba.

"Zauna," ta ce. "Duk abin da za ki ji na faɗa yanzu, kada ki sa baki."

"Bodil, bayan wa kike?"

Ta murɗa ƙofar.